Amsa ga ƙanina kan harsashin bindigar ɗuri a Amurka

Salam ƙanina, na ga saƙonka, Allah ya sanya alheri a wannan gurbin karatu da ka samu. Ka ce ka ji labari a nan ma ana farautar barewa da bindiga irin adakar da kakanka yake ɗurawa ta baki, kana so in gaya maka wane harsashi za ka saya in ka iso. To gaskiya ne ana yi, nan Minesota inda nake har lokacinta na musamman gare ta, ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Disamba, sanyi kamar zai tsinke maka kunne amma mutane suna fita.

Amma dan Allah kafin maganar harsashi ka fara da takarda. Kai da bizar ɗalibi za ka shigo, kuma dokar tarayya ta hana mai irin wannan biza riƙe bindiga sai in yana da lasisin farauta mai aiki ko wani dalili da doka ta ware, ita bindigar ɗuri tarayya ta ɗan sassauta mata amma wasu jihohin kamar kowace bindiga suke ɗaukarta, saboda haka kar ka dogara da wai-wai. A nan duk wanda aka haifa bayan 1979 sai ya yi kwas na sanin makamar bindiga kafin a sayar masa da lasisi. Hostel kuwa kar ma ka fara tunanin shiga da ita, abu kaɗan ne zai ja maka asarar karatun gaba ɗaya.

Sai harsashi. Abin da nake so ka cire daga ranka shi ne yadda ake yi a gida, a zuba albarushi a tura tsumma a ɗura duk abin da aka samu, guntun ƙarfe ne ko ƙwallon bodin keke. Adaka cikinta sumul yake, ita kuwa ta nan akwai zane a cikin bututun da yake murɗa harsashi in zai fita, kuma wannan murɗin shi ne yake zaɓa maka harsashi tun kafin ka shiga shago. In ka ga an rubuta 1:66, wato sai harsashi ya yi tafiyar inci 66 kafin ya juya sau ɗaya, wannan ta mulmulallen ƙwallon dalma ce da ake naɗewa a ƙyalle, a bindiga mai lamba .50 (wato faɗin ramin bututunta rabin inci) nauyinsa wajen giram 11 da rabi ne, yana kashe barewa sarai amma a kusa, yadi 50 zuwa 75 haka, in ya wuce nan ƙarfinsa zubewa yake da sauri. In 1:28 ce, irin na zamani da yawancin mutane suke saya yanzu, to dogon harsashi take so, musamman mai rigar roba wanda suke kira sabot, harsashin ya fi bututun siranta sai robar ta cike gurbin, yana fita robar ta faɗi shi ya wuce. Mai 1:48 tana tsakiya, tana ɗaukar ƙwallo tana ɗaukar dogon na dalma zalla mai cika bututu.

Ni dai in ka tambaye ni, mai rigar roba mai nauyin giren 250 zuwa 300 (giram 16 zuwa 19 kenan) shi nake sawa, kuma na fi karkata ga mai nauyin. Dalili, ɗuri ɗaya gare ka, kafin ka sake wani ɗurin da daskararrun yatsu barewa ta yi nisa, ga hayaƙi ya rufe maka gaba ba ka ma ga ta inda ta bi ba. Harsashin da ya ratsa ya fita ta ɗaya gefen shi ne yake barin jini a kan ƙanƙara ka bi sawu. Shekarata ta biyu na harbi wata da mara nauyi, ya tarwatse a kafaɗa, muka bi ta har duhu ba mu same ta ba, wallahi har yau abin yana damuna, dabba ta tafi da ciwo a banza ga nama ya salwanta.

Jiha ma tana da ta cewa. Kolorado ba ta yarda da mai rigar roba ba a lokacin bindigar ɗuri, Kalifoniya ta hana farauta da dalma kwata-kwata tun 2019, Pensilbaniya kuma tana da lokaci bayan Kirsimeti na bindiga mai ƙyastu kawai. Ko inda ba a hana dalma ba ni na koma na jan ƙarfe saboda yara suna cin naman a gidana, dalma tana barin ɓurɓushi a nama wanda ido ba ya gani, na jan ƙarfen ya fi tsada kam kuma yana da tauri wajen turawa.

Albarushi kuwa, na bindigar ɗuri kaɗai, baƙin ko madadinsa irin Pyrodex, kuma da ma'auni. Na harsashin zamani marar hayaƙi fasa bututun yake a fuskar mutum. Ka tabbata harsashi ya zauna daram a kan albarushin, kar a bar iska a tsakani.

In ka iso ka huta sai mu je filin gwaji tun kafin sanyi ya sauko, mu gwada kala biyu ko uku a yadi 100 mu ga wanda bindigar ta fi so, don biyu 'yan kamfani ɗaya ma ba lallai su so abu ɗaya ba. Ka taho da wuƙa mai kyau a jakar da za ka auna ba ta hannu ba, bismillah za ka yi kafin ka ja kunama, in ka tarar da ita da sauran rai ka yanka. Ka gaida su Inna.