Wuƙar aljihu mai ninkewa: wane ƙarfe da wane irin baki zan saro?

Tambayar wannan makon ta wani ɗan kasuwa ce daga Sabon Gari a Kano, mai sayar da kwaɗo, tocila da ƙananan kayan aiki. Ya ce wakilinsa na Guanzu a ƙasar Sin ya turo masa hotunan wuƙaƙen aljihu masu ninkewa, da ƙarfe iri uku: 3Cr13, 8Cr13MoV da D2, kowanne da farashinsa, ga kuma siffofin baki barkatai. Zuciyarsa ta karkata ga D2 domin an ce masa ita ce ba ta dakushewa. Yana tambaya ko ya zuba jarinsa a kanta.

Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Kada ka zuba jarinka a D2. Ka sari wuƙar da mai saye zai iya wasawa da dutsen da ke gidansa, domin shi ne zai dawo shagonka ya kawo maka ɗan'uwansa.

Waɗannan lambobin ba ado ba ne, lissafin abin da ke cikin ƙarfen ne. Sinadarin kabon shi ke ba ƙarfe tauri da riƙe kaifi, kuromiyom kuma shi ke hana tsatsa, kuma sai ya kai kashi 10.5 cikin 100 kafin a kira ƙarfe marar tsatsa. A 3Cr13 kabon bai wuce kusan kashi 0.3 ba, kuromiyom 13. Ba ya saurin tsatsa, amma laushi gare shi: mai lemo zai fere kwando guda ya ji bakin ya kwanta. A 8Cr13MoV kabon ya kai kusan 0.8, kuromiyom yana nan a 13, ga ɗan molibdinom da banadiyom. D2 kuwa kabon ɗinsa kusan 1.5 ne, kuromiyom 12, asalinsa ma ƙarfen ƙera kayan aikin masana'antu ne. Gaskiya aka faɗa maka, yana daɗewa da kaifi. Abin da ba a faɗa maka ba shi ne ranar da ya dakushe. Wanda ya saba ya goga wuƙa sau goma a kan dutse ya ci gaba da aiki zai zauna yana gumi da D2 baki bai tashi ba, sai an nemo dutse mai ƙurar lu'ulu'u ko injin wasa wuƙa. Sannan yawancin kuromiyom ɗinsa ya haɗe da kabon, don haka zufar aljihu da damina suna sa masa ɗigon tsatsa. Mutum ya biya kuɗi mai yawa, ya ga tsatsa, ya kasa wasawa, me kake jin zai ce da kai? Cewa zai yi jabu ka sayar masa.

Shi ya sa 8Cr13MoV ya fi kwanta mini a rai ga kasuwarmu. Yana riƙe kaifi daidai gwargwado, yana karɓar wasawa cikin minti biyu, farashinsa kuma bai gagari talaka ba. Ka duba kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a. Victorinox na Suwizalan, tun 1884 suke ƙera wuƙa, ƙarfen da suke sa wa jar wuƙarsu bai kai D2 tauri ba ko kusa, amma ta zagaye duniya. Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, baƙin ƙarfe ne mai tsatsa idan an bar shi da laima. Haka Douk-Douk ta Faransa da ta fito a 1929 ta bazu a ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka. Abin da ya sayar da su shi ne araha da sauƙin wasawa.

Akwai abin da ya fi sunan ƙarfen muhimmanci, kuma nan ne 'yan kasuwa suka fi yin asara. Duk maƙerin da ka tambaya zai gaya maka cewa ingancin wuƙa yana wurin gashi, yadda aka ƙona ƙarfen, aka tsoma shi ya huce, aka sake ɗumama shi don kada ya riƙa karyewa. Masana'anta biyu za su ɗauki 8Cr13MoV iri ɗaya, ta wannan ta yi kyau, ta waccan ta lanƙwashe kamar gwangwani. Ana auna taurin da ma'aunin da ake rubutawa HRC. Ka ce wa wakilinka masana'anta ta rubuta maka a takardar ciniki cewa taurin yana tsakanin 57 da 59. Idan suka fara kame-kame, ka san da walakin. Kuma yawancin wuƙaƙen nan ba a Guanzu ake ƙera su ba, daga garin Yanjiyan suke fitowa, a lardin Guandon, cibiyar wuƙa da almakashi ta ƙasar Sin. In wakilinka zai iya kaiwa can, hannu ɗaya ya ragu a tsakani, riba ta ƙaru. Rubutun da aka buga a jikin wuƙa kuwa kowa na iya buga shi. Wadda aka rubuta wa lambar ƙarfe 440 kawai babu harafin C a gaba, ka ɗauke ta a ƙaramin aji.

Sai siffar baki. Wadda zan ce ka cika katan da ita ita ce mai bayan da ya sunkuyo a hankali ya haɗu da kaifi a tsini, mai ɗan tumbi a gaba. Tana fere lemo da rake, tana yanka igiya, tana buɗe buhu, mafarauci ma zai feɗe ƙaramar dabba da ita, tsininta kuma ba ya saurin karyewa. Tsawon ruwan wuƙar ya tsaya tsakanin santimita 7 da 9. Wuƙar kamfanin Opinel na Faransa mai lamba 8, wadda ta fi shahara a cikin jerinsu, santimita 8.5 ce. Wadda aka zaftare wa baya tsini ya yi siriri, irin ta Buck 110 ta Amurka da ta fito a 1964, ta fi ɗaukar ido a kan teburi, amma mun san halinmu, sai an ɓanɓare murfin gwangwani da ita, tsinin ya tafi. Akwai mai miƙaƙƙen kaifi da dunƙulallen kai, wadda masu sana'ar ke kira ƙafar tunkiya. Ita nake so wa dukawa, masu aikin wayar lantarki da masu buɗe kwali a shago, domin tana yanka a miƙe kuma da wuya ta soki mutum. Mai lanƙwasa kamar bakin shaho ta masu lambu ce da yankan reshe, kasuwarta ƙarama ce.

Biyu ne nake roƙonka ka bari. Mai haƙora kamar zarto ba ta wasuwa a kan shimfiɗaɗɗen dutse. Mai kan tanto kuma, mai kusurwa irin ta takobin Japan, musamman baƙa wadda ake danna maɓalli ta fito da kanta, ba kayan aiki take kama ba, makami take kama. A garin da ake fama da matsalar 'yan daba, ba na so a ce daga shagonka aka sayo ta, kuma ba na so kayanka su jawo tambayoyi a wurin kwastam. Haka nan kada ka yarda a buga maka sunan wani babban kamfani a jikin kayan. Ka sa a buga sunan shagonka, ya fi maka daraja.

A ɓangaren kuɗi, da ni ne zan raba kayan gida goma: bakwai 8Cr13MoV mai sunkuyayyen baya, biyu ƙafar tunkiya, ɗaya D2 don 'yan ƙalilan masu sha'awa da suka san abin da suke saye. 3Cr13 kuwa, in dole ne, ka tsaya a ƙanana na maƙalawa a jikin makulli. Lokacin lissafi kada ka tsaya a farashin masana'anta. Ka haɗa kuɗin dako, kuɗin fito, la'adar wakili, canjin dala na ranar biya, da waɗanda za su zo da lahani. Wuƙar da ƙotarta ƙarfe ce zalla tana da nauyi, in ta jirgin sama za ka kawo, nauyin nan zai ci ribarka. Kuma kada ka yi lissafin Babbar Sallah a kan wannan kaya, mai layya doguwar wuƙa mai kube yake nema.

Kafin ka tura kuɗin katan ko ɗaya, ka sa a aiko maka samfur uku-uku na kowane iri. Ka buɗe kowacce ka girgiza ruwan ka ji ko yana motsi a cikin ƙota, ka ɗan buga bayanta a kan katako ka ga ko abin kullewar zai saki, domin wuƙar da ta rufe a kan yatsan mutum ta gama ɓata maka suna. Ka ɗiga wa ɗaya ruwan gishiri ta kwana. Sauran ka raba wa mai lemo, baduku da mai rake na bakin layinku su yi mako biyu suna aiki da su, su wasa da dutsensu. Wadda suka ce ka bar musu za su biya, ita za ka rubuta wa wakilinka lambarta.