Baffa, ga yadda muke yi da gidajen tapas a nan Sifaniya

Assalamu alaikum Baffa, Allah ya ƙara girma da lafiya. Na ji saƙon murya da ka turo a guruf ɗin gida, cewa an faɗa maka Hausawan Sifaniya na shiga mashaya su ci abinci har da iyalinsu, wai gaskiya ne ko ƙage. Toh gaskiya ne Baffa, ba kowa ba amma da yawanmu muna shiga, kuma gara in yi bayanin a nan kowa ya gani don na san ba kai kaɗai abin ya tsaya wa a rai ba.

Wurin da suke ce wa bar a nan ba irin wanda mutum ke raɓawa da daddare yana waige-waige ba ne. A unguwarmu nan Granada kusan kowane layi akwai shi, tun da sassafe a buɗe yake, direbobin bas da masu shara da ma'aikatan asibiti na tsaye suna shan kofi da madara da gasasshen burodi da aka shafa wa tumatir da man zaitun, tsofaffin mata na zaune da jakar cefanensu, da yamma kuma ga yaran da aka ɗauko daga makaranta suna ta guje-guje tsakanin kujeru. Kamar dai teburin mai shayi na bakin layinku, nan ake jin wa ya rasu, ina ake neman ma'aikaci, wane gida aka sa haya. Tun 2011 ma an hana shan taba a ciki. Amma ba zan ɓoye maka ba, ana sayar da giya, famfonta na nan a kan kantar wurin, kuma ga busassun cinyoyin alade rataye saman kanka, wanda suke ce wa jamón, don ƙasar nan ita ce kan gaba a Tarayyar Turai wajen kiwon alade.

Shi tapas ɗin ɗan abinci ne a ƙaramin faranti, loma huɗu biyar ka gama. A Madrid da Barcelona yawanci saye ake yi, amma a Granada da Almería al'adar ita ce duk abin shan da ka saya, ko Fanta ce ko ruwan inabi mara sa maye da suke kira mosto, sai a kawo maka faranti ɗaya kyauta, da wajen yuro 3 ka sha ka ci, in ka yi zagaye uku ka ƙoshi. Matsalar a wurare da yawa ba kai ke zaɓa ba, sabis ɗin zai ɗaga murya kawai ya faɗa wa kicin cewa ga na farko mutum biyu, in kun ƙara ya ce ga na biyu, abin da aka dafa ranar shi za a ajiye maka. Shi ya sa duk wanda ya sauka sabo, kafin ya iya gaisuwa ma muke koya masa ya ce sin cerdo, sin jamón tun kafin ya zauna, wato banda alade.

Kuma wallahi Baffa giyar da kake gani a kwalba ba ta kai aladen da ba ka gani wahalar da mu ba. In ka ce musu ba ka cin nama kawai, da zuciya ɗaya za su kawo maka wake da gutsattsarin jamón a ciki, su a wurinsu wannan ɗanɗano ne ba nama ba. Akwai croquetas, wani curin fulawa da madara da ake soyawa, daga waje ba ka gane komai sai ka fasa ka ga jajayen ɗigo-ɗigo a ciki. Akwai salmorejo, miyar tumatir mai sanyi ta mutanen Córdoba, ita kanta ba komai a cikinta sai tumatir da burodi da tafarnuwa da mai, amma a sama ake barbaɗa mata dafaffen ƙwai da alade. Romo ma sau da yawa da ƙashinsa ake dafawa, wasu kayan fulawa na lokacin Kirsimeti kuma da kitsensa ake kwaɓawa. Doka ta tilasta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da rashin lafiya irin su gyaɗa da madara da ƙwai, amma alade ba ya cikin jerin, don haka bakinka ne zai cece ka. Haka wasu miyoyin kifi da na kaza, da farar giya ake dafa su, sai ka tambaya.

Abin da muke ci shi ne na ruwa da na gona. Soyayyun ƙananan kifi, calamares (wani naman teku da ake yankawa zobe-zobe a soya), jatan lande da ake kawowa yana tafasa cikin man zaitun da tafarnuwa a ɗan kaskon ƙasa kana dangwala burodi, wainar ƙwai da dankalin turawa mai kauri da suke ce wa tortilla, zaitun, da wanda na fi so, dogon yalon nan baƙi da ake yankawa siriri a soya a zuba masa baƙar zumar rake a kai. Abincinsu yawanci ba yaji, akwai wani dattijonmu ɗan Maraɗi da kullum da 'yar kwalbar yajin ƙuli a aljihun jaket ɗinsa, faranti na sauka zai zaro ya bi kowa ya barbaɗa, har mai wurin ya saba yana miƙo nasa hannun. Naman kaza da na shanu kuwa yawancinmu ba ma taɓawa a irin wuraren nan. Akwai masu kafa hujja da ayar abincin Ahlul Kitabi ta cikin Ma'ida, amma tunda mahautan 'yan Maroko sun cika gari, ga kuma Instituto Halal ta Córdoba da ke ba da shaidar halal, ni ban ga dalilin shiga shubuha ba.

Zancen zama kuma, a nan ne mu kanmu muka rabu. Akwai waɗanda ko ƙofar ba sa takawa, hujjarsu hadisin nan na Tirmizi da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, su in za su fita sai gidajen shayin Larabawa na layin Calderería Nueva da ke gangaren unguwar Albaicín, ƙasa da babban masallacin da aka buɗe a 2003, kuma ba wanda ke musu kallon masu tsanani, hujjarsu mai ƙarfi ce. Mafi yawanmu muna zama ne a kujerun waje, teburinmu daban, ba kwalba a kai. Inda abin ke da wuya shi ne abokan aiki, in an tashi ranar Juma'a ko wani ya samu ƙaruwa. Su al'adarsu kowa ya biya zagaye ɗaya na abin sha, toh mu ba ma biyan zagayen da giya ke ciki, ba ma miƙa wa wani kwalba, tun farko sai ka ce ni zan biya farantin kifi na kowa, kuma ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba. Giyar nan da ake rubuta wa 0,0 wai ba barasa, yawancinmu mun bar ta, ko don kar yaro ya ga ubansa da irin kwalbar a hannu.

Za ka ce to me ya kai ku tun farko. Baffa mutanen nan ba sa kai baƙo gida kamar mu, gidajen ƙanana ne, ba zaure, maƙwabcinka na shekaru zai iya mutuwa ba ka san kalar falonsa ba. Bikin ranar haihuwar ɗan ajin su yaronka a can ake yi, iyayen yara a can suke tattauna maganar makaranta, mai gida in zai sabunta maka kwantiragi kofi zai ce ku je ku sha. Matanmu ma da hijabinsu suna zama da sauran iyaye mata bayan sun kai yara da safe, da yawa a nan bakinsu ya buɗe da yaren. Ni a ganina uban da ya kai ɗansa da kansa, yaron ya ji shi yana tambayar me ke cikin abinci ba tare da kunya ba, ya fi wanda ya hana shi har ya kai shekara 17 ya je da abokai a ɓoye.

Lokaci ma muna kula da shi. Su abincin rana sai ƙarfe 2 zuwa 3, na dare daga 9, da bazara kuma magariba kan kai tara da rabi, sai mu yi sallah mu fito, kafin 11 mun watse don daga nan wurin ke canza kama. Layukan ɗalibai irin Pedro Antonio daren Asabar ba mai zuwa, da azumi kuwa gaba ɗaya a masallaci ko gida ake buɗa baki. Ba zan ce ba wanda ya zame ba, akwai samarin da suka faɗa shaye-shaye kuma abin na damunmu sosai, amma waɗanda na sani duk masu zaman kaɗaici ne da ba sa shiga jama'a, shi ya sa in sabo ya zo, ɗan Kano ne ko ɗan Damagaram ko ɗan zangon Kumasi, wani babba ke fara fita da shi.

Abu ɗaya da har yau muke gardama a kai shi ne man suya. Wasu wuraren tukunyar kifi daban take, wasu kuma mai ɗaya ne ake jefa kifi da dankali da croquetas ɗin alade a ciki, haka ƙarfen gashi. Wasunmu na cewa in ka tambaya aka ce maka daban ne shikenan ka fita, wasu na cewa sai ka leƙa ka gani da idonka, in ba haka ba ka tsaya kan zaitun da burodi. Don Allah Baffa in kun zauna karatu bayan magariba ka tambayar mana Malam hukuncin wannan, ka turo mana amsar da murya in sa wa mutanenmu su ji. A gaida su Inna da yara.