Kar ka ja katanga kafin safiyo ya zo

Ɗan'uwa, ka ce maƙwabcinka na iƙirarin filinka ya shiga nasa, ga magini kuma ya matsa a haƙa fandisho kafin siminti ya ƙara tashi. Ni dai shawarata ka dakata. Maginin ba wai mugu ba ne, in kasuwa ta tsaya manyan gine-gine ne ke fara tsayawa, sai ka ga birkila da yaransa sun dawo neman aikin katanga da facin rufi, dole ya ƙagu, amma in kotu ta ce a rushe ba shi zai biya bulo ba.

Takardar ciniki kawai tana nuna wane ya sayar maka, ba ita ke nuna inda iyaka ta tsaya ba, wannan aikin taswirar safiyo ne mai lambobin awo. Ka ɗauko safiyo mai rajista ya nemo duwatsun iyakar, don mutane na tuge su su matsar cikin dare wallahi. A yi awon filin a gaban maƙwabcin da takardunsa, ku sa hannu gaban shaidu. Maginin kuwa ka ba shi aikin ɓangaren da babu rigima, kuɗi kashi-kashi, kar ka biya duka gaba ɗaya.