Kai da ke sayen kayan sitiyari da ido

Wani ɗan kasuwa daga Kaduna ya rubuto cewa ya zuba naira miliyan biyu a kan tsofaffin kayan sitiyari na Fijo 504 da Volkswagen Beetle, yana sayar wa masu farfaɗo da motocin da. Kusan rabi an dawo masa da su, wai ba su shiga. Yana tambaya ko ya ci bashi ya ƙaro kaya, tunda ya ji harkar na kawo kuɗi da sauri.

Malam, kada ka ci bashin ko sisi. Matsalarka ba ƙarancin jari ba ce. Kana saye da ido, ba ka rubuta komai, kuma a wannan sana'a kama da wane ba ta wane.

Ɗauki kan tayarod, wato kan ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafar mota. Biyu za su zauna a tafin hannunka kamar tagwaye, amma ɗaya zarensa ta dama yake ɗaurewa, ɗayan ta hagu. Kaurin kusar ma yakan bambanta, ya ƙi zama daidai a raminsa. Beetle ta sauya tsarin ƙafar gaba a samfurin 1966, don haka kayan ta 1964 ba lallai su hau ta 1970 ba. Sannan Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, an kuma fara haɗa 504 a Kaduna a 1975, sitiyarinta a hagu. Rak (ƙarfe mai haƙora da sitiyari ke turawa ya juya ƙafafun gaba) da aka ciro daga motar Ingila, mai sitiyari a dama, a juye yake, komai kyawunsa.

Na san wani dillali da ya sayar wa bakanike kan tayarod mai siririyar kusa. Notin ya ɗauru, kowa ya ce an gama. Ba a jima ba ƙafar ta fara wasa a kan hanya. Allah ya kiyaye rai, amma garejin bai sake aiko masa yaro ba, sauran garejojin ma duk sun ji labari.

Ka sayi ma'aunin kauri da littafi. Kowane ƙarfe ya shigo shago, rubuta lambar jikinsa, motar da aka ciro shi da shekararta, tsawonsa da gefen zarensa, ka ɗaura masa takarda. Wanda ba a san asalinsa ba, kuɗin bola za ka biya, ko a kasuwar Panteka ta Kaduna ne ko a ta Kofar Ruwa ta Kano. Mai saye kuma ya zo da tsohon nasa a gwada a gabansa.

Maganar kuɗi da sauri ka manta da ita. Rak ɗaya na iya shekara a kanta kafin mai saye ya zo. Fara tantance waɗanda aka dawo maka da su wannan makon.