Tambaya da Amsa: Bashin gida daga banki

Salamu alaikum Malam. Ni malamin lakwal ne a Karkada nan Damagaram, shekara 9 ina haya, na gaji wallahi. Wai yaya bashin gida na banki yake?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yanke wahala. Banki yana ba ka kuɗin, kai kuma ka aje takardar gidan jingina, albashinka ya dinga shigowa ta wurinsu suna cirewa duk wata har ka gama, galibi ba sa wuce kashi ɗaya cikin uku, wato mai ɗaukar jika 180 kusan jika 60 za a dinga yanka, to ka zauna da maiɗakinka ku lissafa ko sauran zai kai ku ƙarshen wata da hatsi da kuɗin wuta na Nigelec.

Takarda fa ita ce magana. Ta mai unguwa ba ta isa, titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, suka fi yarda da shi, kuma akwai kuɗin noter, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardun yarjejeniya, da na inshora. In biya ya tsaya suna iya sayar da gidan, wannan ya fi damuna.

In kana gudun riba, tambayi bankin Musulunci kan murabaha, su saya su sayar maka da farashi sananne.