Tambayoyin Masu Karatu: Mu Ba Su Kuɗi a Hannu ko Mu Saya Musu Kaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12 a nan Legas, asalina kuma wani ƙauye ne a jihar Jigawa. Muna da ƙungiya ta 'yan garinmu mazauna Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba da Alaba Rago, kuma bana mun tara kuɗi domin tallafa wa gidajen da suka fi kowa shiga matsi a gida. Sai gardama ta kaure a wurin taro. Wasu sun ce mu sayi hatsi da kekunan ɗinki mu raba, domin idan aka danƙa wa talaka kuɗi zai cinye su cikin mako guda, ko ya ƙara aure, ko ya daina zuwa gona. Wasu kuma sun ce a ba kowa kuɗinsa ya yi abin da ya ga dama. Malam, wanne ya fi amfani?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa kasuwa albarka. Gardamar da kuka yi a zauren taronku ita ce masana tattalin arziki suka shafe shekaru suna yi, har sai da suka fita ƙauyuka suka gwada. Ra'ayina shi ne ku ba da kuɗin a hannu, amma hujjojin sun fi ra'ayina muhimmanci.

Gwajin da aka fi ambata an yi shi ne a yankin Rarieda na yammacin Kenya tsakanin 2011 da 2013, inda ƙungiyar GiveDirectly ta tura wa matalautan gidaje kuɗi ta wayar salula ba tare da gindaya musu wani sharaɗi ba, masu bincike biyu kuma, Johannes Haushofer da Jeremy Shapiro, suka bi diddigin inda kuɗin suka tafi. Mutanen sun sauya rufin ciyawa zuwa na kwano, sun sayi dabbobi, abincin gida ya ƙaru, damuwa ta ragu, kuma ba a ga ƙarin kashe kuɗi a kan giya ko taba ba. Mutumin birni zai iya ɗaukar rufin kwano a matsayin ƙawa, amma wanda ya taɓa sayen shuci da biyan masu baibaya shekara bayan shekara ya san cewa kwano jari ne, tunda yana tsayar da wata ɓarnar kuɗi da ba ta ƙarewa. Babu wata ƙungiya da za ta zauna a birni ta gane cewa rufi ne babbar bukatar wannan gida, akuya ce ta wancan, na uku kuwa bashi ne ya shaƙe shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada a ce wannan labarin Kenya ne kawai, domin an yi irinsa a jiharku. Daga 2013 zuwa 2019 an gudanar da wani shiri a Jigawa da Zamfara, wanda Save the Children da Action Against Hunger suka aiwatar da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ana ba mace mai juna biyu naira 3,500 kowane wata har yaronta ya cika shekara biyu, tare da wayar da kai kan shayarwa da abincin yara. Binciken da aka yi a kansa ya nuna raguwar tsumburewar yara, kuma matan sun ƙara shiga sana'a da kiwo. Batun lalaci ma an duba shi: masanin tattalin arziki Abhijit Banerjee, wanda ya sami kyautar Nobel a 2019, da abokan aikinsa sun nazarci gwaje-gwaje bakwai a ƙasashe daban-daban, ba su sami shaidar cewa tallafin kuɗi yana sa mutane su bar aiki ba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taso a karkara. Magidancin da rumbunsa ya ƙare da damina dole ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani domin a ɗora tukunya a gidansa, sai ciyawa ta cinye tasa, kaka ta zo masa da ƙaramin amfani, ya biya bashi da shi a lokacin da hatsi ya fi araha. Ɗan kuɗin da zai riƙe shi a gonarsa a makonnin noman farko da maimai ƙarin aiki yake jawowa.

Ba na musun cewa a cikin gida ɗari za a sami wanda zai watsar da rabonsa. Sai dai shi wannan mutumin, ko keken ɗinki kuka ba shi, ranar kasuwa mai zuwa za ku same shi a kan tabarmar dillali da rabin farashinsa. Ku kuma lissafa kuɗin mota, da dako, da shingayen hanya, da abin da mai sayo kayan zai ɗora, duk daga cikin haƙƙin talakan za su fita. Ko zakkar kuɗi da muke fitarwa mallaka wa mai karɓa ake yi, ba a bin sa a tambayi abin da ya saya.

Akwai inda 'yan'uwanku masu son rabon hatsi suke da gaskiya. Kuɗi suna aiki ne idan akwai kasuwa kusa kuma akwai kaya a cikinta. A ƙauyen da ambaliya ta yanke wa hanya, ko inda 'yan bindiga suka hana cin kasuwa, buhun gero ya fi takardar naira daraja. Hauhawar farashi ita ma tana cin tallafi: naira 5,000 ta wata-wata da gwamnatin tarayya ta riƙa bayarwa a zamanin Shugaba Buhari ta zama abin tausayi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira 25,000 ta wata-wata har tsawon wata uku da aka sanar daga baya kuwa ba ta isa buhun masara ba a yawancin kasuwanni a lokacin. Amma tsoron cewa rabon kuɗin ne da kansa zai tayar da farashi bai tabbata ba a babban gwajin da aka yi a ƙauyuka 653 na gundumar Siaya a Kenya, inda farashi bai motsa ba sai ɗan kaɗan, masu shago da masu injin niƙa waɗanda ba su karɓi ko sisi ba kuma suka sami ƙarin ciniki.

Abin da ya kamata ku ɓata lokaci a kansa shi ne yadda za ku bayar. Binciken Rarieda ya nuna cewa kuɗin da aka bayar kaɗan-kaɗan kowane wata sun fi tafiya wajen abinci, waɗanda aka bayar dunƙule kuma sun fi zama kadara. Saboda haka idan burinku a tsallake yunwar damina, ku raba kuɗin daga Yuni zuwa Satumba. Idan kuma so kuke gida ya sami tunkiya ko jarin ƙuli-ƙuli, ku bayar gaba ɗaya, kuma gara gida talatin su sami abin kirki da a yayyafa wa gida ɗari uku abin da ba zai wuce cefanen kwana biyu ba. Ina ba da shawarar a danƙa wa uwargida, da sanin maigida da yardarsa domin kada alheri ya haifar da rikici, a gidan da ke da kishiyoyi kuma a duba kowane ɗaki da 'ya'yansa.

Inda irin wannan aiki ya fi lalacewa shi ne wajen rubuta sunaye. Kada ku bar wa mutum ɗaya wannan aiki, ko da mai unguwa ne ko ɗan'uwan shugaban ƙungiya. A zauna da liman da dattawa da wakilan mata, a fitar da ma'auni kamar zawarawa masu marayu da gidajen da rumbunsu ya ƙare, a karanta sunayen a bainar jama'a. Wanda yake da asusun banki ko na waya a tura masa kai tsaye, a kuma ƙara masa kuɗin cirewa a wurin mai POS, wanda ba shi da shi a ba shi a hannu gaban shaidu biyu. Bayan kaka, idan 'yan ƙungiya sun je gida, su zaga su tambayi kowane gida abin da kuɗin suka yi masa, su rubuta, domin taronku na baɗi ya yanke shawara a kan abin da ya faru a garinku.