Lamba 137: Me Ya Sa Aikin Haɗa Manhaja Yake Mutuwa a Hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta manhajar Android da Flutter. A kwamfutata tana haɗuwa lafiya lau, amma idan na tura ta GitHub Actions don ta haɗu da kanta, sai aikin ya yi nisa ya mutu, babu bayani sai "exit code 137". Wani abokina ya ce memori ne ya yi kaɗan, na ɗaga -Xmx, wato iyakar memorin da ake ba Java, zuwa 6g (gigabayit 6), sai abin ya ƙara lalacewa. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya gano ciwon, sai dai maganin da ka sha na wani ciwon ne daban.

Ƙarewar memori iri biyu ce. Ta farko, shirin da kansa ne yake kuka, domin ya kai iyakar da aka yanka masa. Java za ta rubuta "OutOfMemoryError: Java heap space", Node, mai gudanar da JavaScript, kuma ta ce "JavaScript heap out of memory", ita Node ɗin yawanci da lamba 134. A nan ne ƙara -Xmx yake da amfani, musamman da yake Gradle, shirin da yake haɗa manhajar Android a kan Java, idan ba a saita masa komai ba, megabayit 512 kacal yake ba kansa.

Taka ita ce ta biyu. Lissafin 137 shi ne 128 a tara da 9, kuma 9 lambar SIGKILL ce, umarnin kashe shiri da ƙarfi. Wato RAM ɗin na'urar GitHub da ake haɗa manhajar a kanta ce gaba ɗaya ta cika, sai Linux ya duba wanda ya fi ci ya kashe shi nan take. Wanda aka kashe haka ba ya samun damar barin wasiyya, shi ya sa ba ka ga bayani ba.

To, -Xmx ba ya ƙara wa na'ura RAM, izini kawai yake bayarwa. Kamar ka ce wa yaro ya ɗebi buhu shida daga rumbun da bai wuce buhu bakwai ko takwas ba, alhali akwai wasu masu ɗiba a bayansa. Kuma akwai su: Kotlin, yaren rubuta manhajar Android, yana da nasa shirin daban da yake cin nasa kason, ga ma'aikatan da Gradle yake tayarwa gwargwadon yawan CPU, ga Dart, yaren Flutter. Ita ma Java tana cin abin da ya zarce adadin da ka rubuta. Na'urar Linux da GitHub yake ba ayyukan da kowa ke iya gani tana da gigabayit 16, amma ta ayyukan sirri kusan rabin haka ce. Ina kyautata zaton naka na sirri ne.

Kafin ka taɓa komai, ka tabbatar, don wani lokaci 137 kan fito idan wani abu daban ya kashe aikin da ƙarfi. Ka ƙara mataki a ƙarshen fayil ɗin aikinka na GitHub Actions mai ɗauke da if: always(), ka sa masa sudo dmesg | grep -i "killed process". Zai nuna maka sunan wanda aka kashe da yawan abin da ya ci. Idan a cikin Docker kake haɗawa, wato a keɓaɓɓen wurin da ake kira kwantena, docker inspect zai nuna OOMKilled: true, kuma a nan iyakar da aka sa wa kwantenar ce abin dubawa, ko da na'urar tana da sauran wuri. Ni nakan kuma bar vmstat 5, mai nuna sauran memori duk bayan daƙiƙa biyar, yana gudana a gefe, in ga a wane mataki memorin ya ƙare. Sau da yawa a wajen R8 ne, mai matse manhaja kafin a fitar da ita.

Sannan ka buɗe gradle.properties, fayil ɗin saitin Gradle, ka rage: org.gradle.jvmargs=-Xmx3g, kotlin.daemon.jvmargs=-Xmx1g, org.gradle.workers.max=2. Aikin zai ɗan ƙara jinkiri, amma zai kai ƙarshe. Idan bayan haka saƙon ya koma "Java heap space", ka rage da yawa ke nan, sai ka riƙa ƙara wa -Xmx megabayit 512 a kowane gwaji har ya wuce. Abu ɗaya za ka canza a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.